Kafin injin haƙa ya iso: awon jan ƙasa ko awon lantarki, wanne zai nuna maka ruwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin haƙa rijiyar burtsatse ya san lokacin da gaba ke fara faɗuwa. An wuce mita 30, an wuce 40, abin da rami ke tofowa farar ƙura ce busasshiya kamar garin rogo, mai injin kuwa kowace mita da kuɗinta. In kuɗin karo-karon unguwa ne, ko na masallaci, ko na makarantar Islamiyya, nauyin da ke wuyan wanda ya nuna wurin ba ƙarami ba ne. Shi ya sa ake yin safiyo kafin a haƙa. A wani zaman kwamitinmu na ruwa, wani yaro ɗalibin kimiyya ya yi tambayar da ta tsaya mini a rai. Ya ce ya karanta cewa taurarin ɗan Adam na gano ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna jan ƙasa, to don me mu kullum sai mai awon lantarki, mai nadin waya da turakun ƙarfe, muke kira? Tambayar tana da tushe, kuma amsarta na cikin halayen ƙarfi biyu da ake koyarwa a ajin fizik na sakandare, wato jan nauyi, wanda shi ne jan ƙasa, da ƙarfin lantarki.

A takarda kamar tagwaye suke. A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa duk abu biyu masu nauyi suna jan juna, kuma in aka ninka nisan da ke tsakaninsu sau biyu, jan zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. In aka ninka sau uku, kashi ɗaya cikin tara. A 1785 Charles Coulomb na Faransa ya auna ƙarfin da ke tsakanin caji biyu na lantarki, ya tarar da wannan ƙa'ida sak. Kowannensu yana da fage, wato yankin da tasirinsa ke kaiwa ba tare da taɓawa ba. Mutanenmu kan kira jan nauyi maganaɗisun ƙasa, amma ba ruwansa da maganaɗisu: yana jan itace da ruwa da auduga kamar yadda yake jan ƙarfe.

Daga nan hanya ta rabu. Ƙarfin lantarki ya fi jan nauyi nesa ba kusa ba. Tsakanin ƙwayar furoton da ƙwayar ilektiron, ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke cikin kowane abu, ya fi shi ninkin da sai ka rubuta 2 ka jera mata sifili 39. Ka gwada da hunturu: goga matajin roba a gashi, ka kusantar da shi ga yagaggiyar takarda. Takardar za ta yi tsalle ta manne, duk da cewa duniya ɗungurungum tana janta ƙasa. Sai dai caji iri biyu ne, kuma a yawancin abubuwa sun yi kunnen doki, wannan ya kashe wancan. Nauyi kuwa iri ɗaya ne, ja kawai yake yi, ba ya turawa, ba abin da ke kashe shi, ba bangon da ke tare shi. Ga mai neman ruwa, ma'anar wannan ita ce: fagen jan ƙasa yana nan ko da yaushe, ba kai ka kunna shi ba, ba ka isa ka kashe shi ba, sai dai ka saurara. Fagen lantarki kuwa kai za ka ƙirƙire shi da batirinka, ka tura shi inda kake so, ka ƙara masa zurfi, ka juya shi. Wanda ke iya yi wa ƙasa tambaya ya fi wanda ke jiran abin da za ta faɗa da kanta.

Mu fara da jan ƙasa. Abu in ya faɗo, saurinsa na ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Wannan adadi ba ɗaya ba ne ko'ina: wajen 9.78 ne a kan layin da ya raba duniya arewa da kudu, wajen 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu. Yana kuma ɗan motsawa gwargwadon abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Kowa ya san mudun gero ya fi mudun dusa nauyi. Haka duwatsu suke: mudun dutsen giranit ya fi mudun ruwa nauyi kusan sau 2.7, jiƙaƙƙen yashi kuma kusan sau 2. In ka tsaya a kan abu mai nauyin mudu, ja zai ɗan ƙaru. A kan mara nauyi, ya ɗan ragu. Na'urar da ke auna wannan sikeli ce mai sifirin siriri da ɗan nauyi a rataye, a rufe cikin akwatin da ake riƙe zafinsa daidai. Ma'auninta miligal, sunan da aka samo daga Galileo, kuma jan duniya duka wajen miligal 980,000 ne.

Yanzu ga lissafin da ya yanke hukunci a wurina. A ce a ƙarƙashin filinku akwai shimfiɗar ruɓaɓɓen dutse mai kaurin mita 10, kashi ɗaya cikin goma na jikinsa ƙofofi ne. In ƙofofin nan sun cika, ruwan da ke ciki daidai yake da tafki mai zurfin mita ɗaya. Bambancin ja tsakanin wannan shimfiɗa a jiƙe da ita a bushe miligal 0.042 ne kacal, kashi ɗaya cikin fiye da miliyan 20 na jan duniya. Na'urorin zamani irin su Scintrex CG-5 suna iya jin abin da ya fi haka ƙanƙanta. Matsalar ita ce sauran abubuwan da suke ji tare da shi. In ka ɗaga na'urar sama da santimita 14, ko taƙi ɗaya bai kai ba, karatun ya canza da wannan adadin. In kana wajen Kano ka matsa arewa da mita 130, ya canza da wannan adadin, saboda siffar duniya da juyawarta. Rana da wata su ma suna ja, kuma cikin yini suna iya motsa karatun har kusan miligal 0.3, ninki bakwai na abin da kake nema. Sifirin ɗin kansa yana saki a hankali, dole a riƙa komawa wurin farko ana sake aunawa. Tirela ta wuce a titi, allura ta girgiza. Duk waɗannan ana iya cire su da lissafi, amma sai an auna tsayin kowace tasha, wato wurin da aka tsaya aka yi awo, da kayan safiyo na gaske, kuma bayan duk wahalar, abin da ka samu shi ne cewa akwai wani abu mara nauyi a ƙasa. Na'urar ba ta san ko ruwa ne, ko busasshen yashi ne, ko kuwa dutsen ne ya ɗan yi zurfi ba. Ƙaramin abu a kusa da babban abu a nesa suna iya ba da karatu iri ɗaya.

Ba ina rena wannan hanya ba ne. Inda take da amfani, ba ta da na biyu. Da yake ba abin da ke tare jan nauyi, tana jin abin da ke kilomitoci a ƙasa. Da ita ake zana siffar manyan kwaruruka na ƙarƙashin ƙasa, irin kwarin Binuwai da kwarin Chadi, a san inda yashi da laka suka yi kauri kafin a kai ga dutsen tushe. Masu neman man fetur sun dogara da ita tun shekarun 1920. A nan gida, Farfesa Deborah Ajakaiye, wadda ta yi digirinta na uku kuma ta koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta yi suna ne da awon jan ƙasa a kan duwatsun giranit na yankin Jos. Taurarin da yaron nan ya ambata su ma gaskiya ne. GRACE sunan shirin, na Amurka da Jamus, taurari biyu da aka harba a 2002 suna bin juna da tazarar kusan kilomita 220. In na gaba ya zo kan wuri mai nauyi sai ya ɗan yi sauri, tazarar ta canza, daga nan a lissafa. Sun yi aiki har 2017, aka harba magadansu a 2018, kuma da su aka ga yadda ruwan ƙasa ke raguwa a arewa maso yammacin Indiya. Amma idonsu ba ya rarrabe abin da bai kai ɗaruruwan kilomita ba. Za su iya gaya maka ko ruwan yankin Tafkin Chadi ya ƙaru bana. Ba za su gaya maka ko a gabas da masallaci za a haƙa ko a yamma ba.

Awon lantarki kuwa, bari in kwatanta shi yadda na gan shi a fili, da safe a watan Maris. An miƙa igiyar awo a layi ɗaya. A tsakiya mai na'ura ya zauna a kan ɗan kujera da akwatinsa da batirin mota. Turakun ƙarfe huɗu ne: biyu na ciki kusa da shi, biyu na waje a hannun samari biyu, kowanne da guduma da nadin waya. Na waje su ke tura wuta cikin ƙasa, na ciki su ke auna bambancin ƙarfin da ta haifar. Ya danna, ya rubuta, ya ɗaga murya ya ce a matsa. Samarin suka tumɓuke turaku, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, suka sake kafawa. Mita 2, mita 3, mita 5, har kowannensu ya kai mita 100 daga tsakiya. A wani wuri na'urar ta ƙi karantawa, don marmara ta bushe ƙamas, wuta ta kasa shiga. Sai aka kawo jarka, aka jiƙa gindin turken da ruwan gishiri, aka ƙara masa guduma biyu, karatu ya dawo. Kafin rana ta take, an gama tasha uku.

Abin da ke faruwa a ƙasa shi ne, wutar da ta shiga ta turke ɗaya tana bazuwa ta kowace fuska, ƙarfin fagenta na raguwa da nisa bisa ƙa'idar nan ta Coulomb. In turakun waje suna kusa da juna, yawancin wutar a sama-sama take bi. In aka nisanta su, sai ta nutsa. A ƙiyasi, zurfin da ake gani kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na tazarar da ke tsakanin turakun waje, wato layin mita 200 na ba da labarin wajen mita 40. Na'urar kuma tana juya wutar gaba da baya tana maimaitawa, don ta tace ɗan lantarkin da ƙasa ke da shi na kanta. Conrad Schlumberger ne ya fara gwada wannan a 1912 a gonar danginsu da ke Normandi a Faransa, Frank Wenner kuma ya fito da nasa tsarin jera turaku a Amurka a 1915. Har yau da sunayensu ake kiran tsare-tsaren biyu.

Dalilin da ya sa wannan hanya ta dace da ruwa shi ne, ƙwayoyin dutse da na yashi ba sa ɗaukar wuta. Abin da ke ɗaukarta a ƙasa shi ne ruwan da ke cikin ƙofofi da tsagogi, ta gishirin da ya narke a cikinsa. Saboda haka turjiyar da ƙasa ke yi wa lantarki, wadda ake aunawa da om-mita, kusan labarin ruwa ce kai tsaye. Lafiyayyen giranit da bai tsage ba yana ba da dubbai, har ɗaruruwan dubbai. Ruɓaɓɓen dutse mai riƙe da ruwa yakan sauko zuwa gomomi ko ɗari da wani abu. Ka kwatanta: a awon nauyi, bambancin jiƙaƙƙe da busasshe kashi ɗaya ne cikin miliyoyi na abin da na'ura ke ji, a awon lantarki, bambancin dutse mai ruwa da mara ruwa na iya kai ninki ɗari. Kuskuren taƙi ɗaya a tsayin ƙasa ba ya ɓata komai.

Wannan ya zo daidai da irin ƙasar da yawancinmu ke zaune a kai. Mafi yawan Kano da Kaduna da Zariya da kudancin Katsina da Zamfara da Bauchi, har da kewayen Damagaram a Nijar, a kan tsohon dutsen tushe suke. A irin wannan ƙasa babu wani kogi shimfiɗe a ƙarƙashi da duk inda ka huda za ka same shi. Ruwa na maƙale ne a wuri biyu: cikin ruɓaɓɓen saman dutsen, wanda kaurinsa kan kai mita 10 zuwa 30 ko ya ɗan fi, da cikin tsagogin da ke ƙasa da shi. Shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa, kai ka haƙa taku hamsin daga nasa ka sha ƙura. Abin da ake nema shi ne inda ruɓewar ta fi zurfi kuma take a jiƙe, kuma wannan shi ne ainihin abin da lantarki ke nunawa: karatu ya fara sama a busasshiyar marmara, ya faɗo a tsakiya, ya sake hawa in an kai dutse. Tun shekarun 1980, ayyukan samar da ruwa a karkarar jihar Kano suka yi amfani da wannan awo, haɗe da wata na'ura mai zobba biyu da ake ɗauka ana tafiya, wadda ke aika fagen lantarki da maganaɗisu ba tare da an kafa turke ba. Da ita ake zaga fili a gano wuraren da suka fi alama, sannan a kafa turaku a kansu.

Amma lantarki yana da masu ruɗinsa, kuma a nan nake son mai biyan kuɗi ya buɗe ido. Na farko yumɓu. Jiƙaƙƙen yumɓu yana ɗaukar wuta ƙwarai, karatunsa kan sauka ƙasa da om-mita 20, har ƙasa da 10. Yana riƙe ruwa amma ba ya sakinsa, rijiyar da aka haƙa a cikinsa za ta tsiyaya bokiti biyu ta tsaya. Saboda haka mafi ƙanƙantar lamba ba ita ce mafi kyau ba, matsakaiciya ake nema. Duk mai safiyon da ya nuna maka inda karatu ya fi faɗuwa ya ce nan ne teku, ka tambaye shi yadda ya bambanta ruwa da yumɓu. Na biyu zartsi. Gishiri na rage turjiya sosai, ruwan teku wajen om-mita 0.2 ne, don haka a ƙasar kanwa ko inda ruwa ke da zartsi, karatu mai daɗin gani na iya zama ruwan da ba ya shayuwa. Na uku ƙarfen da mutum ya binne: bututun ruwa, shingen waya, wayar da aka saukar ƙasa daga taransifoma. Wuta na samun su ta bi, ta bar ƙasar da aka aike ta ta auna. Na huɗu kuma lissafi ne: siririyar shimfiɗa mai ɗaukar wuta sosai da kakkaura mai ɗauka kaɗan suna iya zana layi iri ɗaya a takarda. Ita ma wannan hanya ba ta tsira daga harshen damo ba, sai dai ruɗinta ya fi sauƙin warwarewa, domin bayanin rijiya ɗaya ta kusa, zurfinta da inda ta sami dutse, yakan isa a daidaita fassarar.

A ƙasar yashi da laka labarin ya sauya. Borno da Yobe da gabashin Jigawa suna cikin kwarin Chadi. Sakkwato da Kebbi da Tawa da Doso suna cikin babban kwarin da ya ratsa Nijeriya da Nijar. A nan ruwa shimfiɗe yake hawa-hawa, tambayar ba a ina ba ce, a wane zurfi ce. A wajen Maiduguri an san hawa uku, na tsakiya yana wajen mita 300, ƙarƙashin laka mai kauri. Lakar nan tana shanye wutar, kuma kafin a leƙa mita 300 sai an ja waya fiye da kilomita ɗaya, abin da za a gani ma dishi-dishi ne. Awon lantarki daga saman ƙasa yana da amfani ga hawa na farko da fadamu, wajen bambanta yashi da laka. Ga mai zurfi, tarihin rijiyoyin yankin ya fi kowace na'ura, sannan bayan an haƙa a zura na'urar lantarki cikin ramin kanta, ta nuna daidai inda yashin yake, a sa bututu mai tacewa a wurin. Awon nauyi a irin wannan ƙasa aikin hukuma ne ko jami'a, masu son sanin zurfin kwarin gaba ɗaya.

Ta fuskar kuɗi da samuwa ma ba a haɗa su. Na'urar turjiya, irin ABEM Terrameter ta Suwidin da ire-irenta, tana hannun masu safiyo da hukumomin ruwa da sassan jami'o'i da dama, kuma mutum huɗu sun isa aikin yini. Na'urar jan ƙasa tsada gare ta, ba ta da yawa, ba ta son jijjiga a mota, kuma tana tafe da aikin auna tsayi da ya kusa kai nata wahala.

Don haka in rijiya ɗaya ce ko biyu, ta gida ko unguwa ko gona, a ƙasar dutse, lantarki za ka zaɓa, ba na ko tantama. In garinku ne ke son tsara rijiyoyi da yawa a fili mai faɗi, ko ana zaton akwai tsohon kwari da yashi ya binne, awon nauyi na iya zana siffar kwarin, amma ko a nan lantarki ne zai biyo baya ya ce ga inda ya jiƙe. In kai ɗalibi ne mai zaɓen aikin kammala digiri, ka dubi abin da ke ranka: mai son ruwa da aikin da zai ci da shi da wuri ya kama turaku, mai son ma'adinai da mai da tsarin ƙasa mai zurfi ya koyi jan nauyi, ya kuma shirya wa lissafi.

Ranar safiyo kada ka aika yaro, ka je da kanka. Ka ga an yi tasha aƙalla uku a wurare daban-daban, ba ɗaya a inda kai ka nuna ba. Ka ga tsawon wayar da aka ja, ka raba shi biyar, ka gwada da zurfin da aka ce za a haƙa. Wanda ya ja mita 100 duka-duka ba shi da hujjar yi maka alkawarin ruwa a mita 80. Ka nemi a ba ka lambobin da aka karanta a fili da zanen layinsu, domin hoto mai launin shuɗi da ja kaɗai ba ya barin wani masani ya duba aikin. Ka kai mai safiyon wurin tsofaffin maginan rijiya na garin, su suka san inda suka taɓa cin karo da fa, da inda ruwa ke kai wa bazara. In kuma filin cikin gari ne, kewaye da gine-gine da bututu, babu inda za a miƙa layin mita 200, to a gwada a titin da ke gefe ko filin makaranta mafi kusa, sannan ka zaga gidaje biyar ko shida masu burtsatse ka tambayi zurfin kowace, da mitar da aka fara ganin ruwa, da ko tana ƙafewa a watan Afrilu.